Wagadugu ko Legas? Ga wanda kuɗinsa na bikin fim ɗaya ne kacal

Jama'a masu son kallo suna yawan tambaya ta, wai in mutum ya yi tari ya haɗa ɗan abin da zai kai shi bikin baje kolin finafinai guda ɗaya tak, FESPACO na Wagadugu ya kamata ya nufa ko AFRIFF na Legas. Ni dai ba darakta ba ne ba furodusa ba, ɗan kallo ne kawai mai yawan surutu in an kunna fitilar sinima, amma na zauna a kujerun duka biyun kuma ina da ra'ayi. In kallon ne da kansa ya dame ka, wato kana so ka ga finafinan da ba za ka taɓa samu a YouTube ko Netflix ba har ka dawo kana ganin fim da wani ido daban, Wagadugu za ka. In kuwa harka kake nema, ka ga manya, ka karɓi lambar waya, ka ji inda kasuwa ta dosa, to Legas ce taka. Sai dai akwai abubuwa biyu uku da za su iya juya maka wannan lissafin gaba ɗaya, musamman yare da lokaci, shi ya sa zan ɗan ja zancen.

FESPACO tsoho ne, tun 1969 aka fara shi a Burkina Faso lokacin ma ana ce mata Upper Volta, kuma tun 1979 duk bayan shekara biyu ake yi, a shekarun da ba su rabuwa biyu, wajen ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris. Babbar kyautarsu ita ce Étalon de Yennenga, mutum-mutumin gimbiyar Mosawa a kan doki riƙe da mashi, ga kuma sefa miliyan 20 a kai. Abin da 'yan'uwanmu da yawa ba su sani ba, mutumin da ya fara cin wannan kyauta a 1972 ɗan Nijar ne, Oumarou Ganda, kuma har gobe akwai kyauta da sunansa da ake ba wanda ya yi fice a dogon fim ɗinsa na farko. Wato mu nan yankin ba baƙi ba ne a wannan fage, sakaci ne kawai ya sa muka koma 'yan kallo daga nesa.

Abin da ya fi burge ni da Wagadugu shi ne bikin na gari ne gaba ɗaya. Mai tasi ya san ana yi, mai gasa kaji a bakin titi ya sani, 'yan makaranta sun sani. Ka je ƙofar Ciné Burkina ko Ciné Neerwaya da yamma ka ga babura jere reras kamar ba za su ƙare ba, yaro mai gadinsu yana ta rubuta lamba da alli a jikin sirdi, layi ya miƙe har titi, kuma mutanen da ke layin nan ba wasu 'yan gayu ba ne, akwai tela akwai malamar firamare akwai dattijo da jikarsa. A cikin zauren kuma ba a yin shiru irin na Turawa, in mugu ya sha mari sai ka ji tafi, in jaruma za ta yi wauta sai wata baba daga baya ta ɗaga murya tana yi mata faɗa da Mosanci. Ga mai son ya rubuta sharhi wannan babbar makaranta ce, domin nan take kake gane inda fim ya kama mutane da inda ya sake su, ba sai ka jira wani masani ya faɗa maka ba. Akwai kuma dandalin da suke kira Place des Cinéastes a tsakiyar gari, kusa da shi an jera mutum-mutumin tagulla na manyan daraktocin Afirka, irin girmamawar da mu a wajenmu sai 'yan siyasa ake yi wa.

To su finafinan fa? Gaskiya sai ka shirya haƙuri. Mafi yawan waɗanda ke shiga babbar gasa a can ba sa sauri ko kaɗan. Na kalli wani daga yankin Sahel inda kyamara ta tsaya a kan wata mata tana jan ruwa a rijiya, ba kiɗa ba magana, sai ƙarar igiya tana gogar itacen bakin rijiyar, ta jawo guga ta juye ta sake zurawa, ta jawo ta juye, har na fara motsi a kujera ina cewa a raina wai editan nan barci ya yi ne, can sai na lura ai duk jan da take yi idonta na kan hanya ne, mijinta take jira wanda mu masu kallo mun riga mun san ba zai dawo ba. Wallahi babu wanda ya yi tari a zauren nan. Da a wajenmu ne da tuni an saka mata waƙar baƙin ciki ta minti shida ana nuno fuskarta da hawaye daga kusurwa huɗu. Wannan shi ne abin da Wagadugu ke koya wa ido, cewa hoto shi kaɗai yana iya ɗaukar labari ba sai an yi ta bayani da baki ba. Kamar wake ne a murhun itace, sai ka ba shi lokacinsa.

Amma kada in yi musu kara da yawa. Wasu jinkirin nasu ba hikima ba ce, rashin abin faɗa ne kawai aka lulluɓe da kyan hoto, kuma bayan ka kalli da yawa a jere za ka fara gane na gaske da na bogi. Sannan akwai abin da ke ci min rai, kuɗin yin yawancin finafinan nan daga Turai yake zuwa, Faransa da Beljiyam da Jamus da sauransu, in ka tsaya ka karanta sunayen da ke wucewa a ƙarshe za ka ga tambarin hukumominsu jere. Ba laifi ba ne karɓar tallafi, amma sai ka ga jigon yana ta maimaita kansa, matashi zai tsallaka teku, yarinya an yi mata auren dole, 'yan bindiga sun shigo ƙauye. Duk gaskiya ne, muna cikin su, amma wani lokaci kana ji a jikinka cewa ba kai aka yi wa fim ɗin ba, wani alƙalin gasa ne a Turai ake so ya girgiza kai. Inda suka fi ƙarfi a ganina shi ne finafinan gaskiya, wato dokumentari, nan kam ban ga na biyunsu ba, mutum zai bi ƙauye ɗaya ko iyali ɗaya shekara da shekaru da kyamara har su manta yana nan.

Bikin 2025, karo na 29 ke nan, Chadi ce babbar baƙuwa, kuma ya zo da abin tausayi da abin murna a haɗe. Souleymane Cissé na Mali, wanda ya ci babbar kyautar har sau biyu, shi aka tsara zai shugabanci alƙalai sai Allah ya yi masa rasuwa ana saura 'yan kwanaki a buɗe. A ƙarshe kuma ɗan gida Dani Kouyaté ya ɗauke kyautar, rabon Burkina da ita tun 1997, shekara 28 suna karɓar baƙi suna miƙa musu doki su tafi da shi. Fim ɗin nasa baƙi-da-fari ne, a kan mulki da yadda kujera ke haukata mutum, ka ga kuwa a ƙasar da sojoji ke mulki ba sai an yi wa kowa fashin baƙi ba.

Yanzu ga babban cikas ɗin, yare. Fim zai zo da Larabcin Tunisiya ko Wolof ko Bambara ko Lingala, fassarar da ke ƙasan allo kuma galibi Faransanci ce. Wasu suna da ta Turanci amma kada ka dogara da haka. Tattaunawar da ake yi da darakta bayan an gama, wadda sau da yawa ta fi fim ɗin ma daɗi, ita ma Faransanci. Ɗan Maraɗi ko Damagaram ko Tawa da ya yi lakwal, ko ɗan'uwanmu na Garwa ko Njamena, shi kam ya shiga gida, ba abin da zai wuce shi. Amma Bakano ko Bazazzagin da bonjur kaɗai ya iya zai yi asarar kusan rabin abin da ya biya kuɗi ya zo gani. Hausa tana ɗan taimako a kasuwa da wajen masu nama da 'yan canji, don akwai Hausawa a garin tun zamanin fatauci, tsohuwar unguwar Zangouettin ma tasu ce kafin a rushe ta a gyaran tsakiyar birni, amma a cikin sinima ba za ta fisshe ka ba.

Mu dawo Legas. AFRIFF yaro ne in aka kwatanta, Chioma Ude ce ta kafa shi a 2010, aka fara a Fatakwal, ya ɗan zauna a Kalaba, daga baya ya tare a Legas, kuma duk shekara ake yi a watan Nuwamba. Shi ba bikin gari ba ne, Legas ta fi ƙarfin wani biki ya tsayar da ita, kana fita daga harabar wurin ka tambayi ɗan acaɓa ko mai danfo ba ma zai san me kake faɗa ba. Harkar duk a tsibiri take, wajen Victoria Island da Lekki, sinima mai sanyin esi da kujera mai laushi da gugguru mai tsada, jar darduma, 'yan mata da samari an sha kwalliya kowa waya a hannu ana ɗaukar hoto. Da farko abin zai iya ba ka haushi ka ce wai kallo aka zo ko nuna kaya, amma in ka daure ka shiga zaurukan da ake bita da tattaunawa da rana, nan amfanin yake, za ka ji masu rarraba fim da masu zuba kuɗi suna magana ƙiri-ƙiri a kan nawa ake kashewa da yadda ake mayar da shi, da halin da aka shiga tun da Amazon ta janye daga ɗaukar nauyin sababbin finafinan Afirka a farkon 2024. Irin wannan maganar ta kuɗi tsagwaronta ba ka cika jin ta a bakin daraktocin Wagadugu ba, duk da su ma suna da kasuwarsu ta saye da sayar da finafinai mai suna MICA a gefe, su sun fi son a yi zancen fasaha da 'yancin Afirka.

Finafinan da na gani a Legas ba sa ba ka damar yin hamma, wannan kam a ba su. Minti biyar da farawa an riga an yi faɗa ko an saci wani abu ko an kama wani da matar wani. Hoto tas, kala ta zauna, jirgin ɗaukar hoto yana shawagi a kan gadar Lekki kusan a kowane fim har na fara ƙirgawa don nishaɗi. 'Yan wasansu kuma sun iya, musamman matan. Matsalar da na yi ta cin karo da ita ita ce ƙarshen labari. Sai a ɗauko zare biyar a farko, a yi ta ja, in an kai awa ɗaya da rabi sai ka ga kamar kuɗi ne ya ƙare ko ranar miƙa aiki ta zo, a ɗaure komai cikin minti goma, mugu ya tuba ba dalili ko a harbe shi kawai a huta. Ga kiɗa da ba ya barin kunne ya sarara, ko ina sai an gaya maka yanzu ka ji tsoro, yanzu ka yi kuka. Shawarar da zan ba duk wanda ya je, kada ka ɓata ƙarfinka wajen rububin manyan finafinan dare da taurari ke zuwa, waɗannan ko ba jima ko ba daɗe za su fito a sinima ko a intanet. Ka nemi jerin gajerun finafinai da na ɗalibai da ake haskawa da rana zauren rabi babu kowa. Nan na ga wani na minti goma sha wani abu a kan mai gadi ɗan Arewa a wani gida a Legas, kusan duk a bakin get aka yi shi, da rediyonsa da butarsa da ɗan bencinsa, masu gidan ba a ma nuna fuskarsu sai hon ɗin mota kawai kake ji, kuma karon farko ke nan da na ga fim ɗin Kudu ya ɗauki irin wannan mutumin a matsayin mutum mai tunani ba abin dariya mai gurɓataccen Turanci ba.

Wani zai ce to me ya sa 'yan Najeriya da duk yawan finafinanmu ba mu cika tashe a FESPACO ba. Akwai dalili na tarihi, shekara da shekaru dokarsu ita ce sai fim ɗin da ke kan faifan 35mm zai shiga babbar gasa, mu kuwa daga Legas har Kano da bidiyo muka tashi, sai a 2015 suka buɗe ƙofa ga dijital. Duk da haka Newton Aduaka ya ciyo babbar kyautar a 2007, kuma a 2023 C.J. Obasi ya dawo da kyaututtuka ciki har da ta iya ɗaukar hoto, da fim baƙi-da-fari shi ma, da Turancin buroka. Wato katangar ta fara faɗuwa, kuma wani lokaci fim ɗaya za ka iya cin karo da shi a duka wuraren biyu.

Batun aljihu da hanya kuwa, ga ɗan Najeriya Legas ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, naira za ka kashe, ba fasfo ba canji, jirgi ɗaya daga Kano ko Abuja ko ka bi mota in ƙarfinka bai kai ba. Abin da zai cinye ka shi ne masauki da zirga-zirga. Otal a tsibiri wuta ne, in kuma ka ce za ka sauka wajen 'yan'uwa a Agege ko Mile 12 ko Idi-Araba to ka sani gosulo zai ci maka fim ɗin safe, na dare kuma ka fito ƙarfe goma sha ɗaya kana tunanin yadda za ka tsallaka gadar Third Mainland. Wanda ke da ɗan'uwa a Obalende, da ke cikin tsibirin, shi ya more. Wagadugu akasin haka ce, zuwan ne da tsada amma zaman da sauƙi, garin a shimfiɗe yake, wuraren kallon da yawa ba su da nisa da juna, tikitin shiga bai da tsada, akan ma haska wasu a fili kyauta, abinci kuma irin namu ne, tuwo da miyar kuka, shinkafa dafa-duka, zoɓo mai sanyi, da gasassun kajin gidan nan nasu da ake ji da su. Amma fa jirgi za ka bi, yawanci ta Lome ko Abijan, kuma da darajar naira a yanzu canjin sefa sai ka dafe kai. Kada wani ya ruɗe ka da hanyar mota ta Yamai zuwa Kantchari da Fada N'Gourma don a taswira ta yi kusa, gabashin Burkina na fama da 'yan bindiga, ba hanyar da za a bi don kallon fim ba ce. Sannan tun da Burkina da Mali da Nijar suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025, kafin ka sayi tikiti ka bincika sharaɗin shiga na lokacin, ka kuma riƙe katin rigakafin shawara tare da fasfo.

Sai lokaci, wanda ni a ganina shi zai yanke wa da yawa hukunci. Na Legas duk Nuwamba yana nan, in ka rasa bana baɗi na zuwa. Na Wagadugu sai 2027, kuma in aka yi shi a lokacin da aka saba to cikin azumi zai faɗo, wajen goman ƙarshe ma, ga zafi ya fara shigowa. Kallon fim huɗu a rana da ƙishirwa, ga buɗa-baki ga tarawi ga tahajjud, kowa ya san ba za su haɗu ba, ballantana wasu finafinan akwai fitowar da ba za ka so ka gani da azumi a bakinka ba, don can ba a yanke komai. Wannan ma ya kamata a sani ko ba azumi, duka bukukuwan biyu ba irin tacewar da muka saba da ita a Kano ake yi ba, in da iyali za ka je sai ka tambaya kafin ku shiga.

'Yan Kannywood kuma da ke tambaya wanne zai amfane su, ni dai na ce ku fara da Legas, don yaren kasuwar kuke ji kuma nan masu sayen suke, ga shi finafinan Hausa sun fara samun shiga, sau biyu ke nan Najeriya na tura fim mai Hausa gasar Oscar, The Milkmaid da Mai Martaba. Amma don Allah a gyara fassarar ƙasan allo kafin a tura ko ina, a ba wanda ya iya ya yi a biya shi, don ita ce abu na farko da alƙali zai gani. Wanda kuma ko kuɗin Legas ɗin bai haɗa ba kada ya zauna, akwai Zuma a Abuja na hukumar finafinai ta ƙasa wadda Ali Nuhu ke shugabanta tun 2024, akwai KILAF a nan Kano na finafinan harsunan gida, ba su kai waɗancan girma ba amma mutum zai saba da zama ya kalli fim uku a jere ya fito ya yi gardama a kansu.

Ni da za a ce yau in zaɓa da kuɗina, Wagadugu zan koma, ko da azumin ne, in kalli na safe da na bayan la'asar in bar musu na dare. Amma ni ina ɗan tsintar Faransanci. In kai ba ka ji ko kaɗan, ka tafi Legas wannan Nuwamban ka zauna a zauren gajerun finafinai, kuɗin da ya yi saura ka sa data ka fara koyon yaren a waya, zuwa na 2029 ka iya karanta ƙasan allo.